Daga Birnin Kebbi zuwa Jidda ta sama

'Yan uwa masu niyyar sauke farali, nisan Birnin Kebbi da Jidda a miƙe ya kai kusan kilomita 3,850, Madina kuwa ta kusa 4,000. Jirgin fasinja na yin kamar kilomita 850 cikin awa ɗaya, don haka in ya tashi daga filin Sir Ahmadu Bello, tafiyar wajen awa 5 ce in hanya a buɗe take.

Amma jirgi ba ya bin zaren da ka ja a taswira. Miƙaƙƙiyar hanyar tana ratsa Nijar, Chadi, Sudan, sannan Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka riƙa kewayawa, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kuɗin kujera ma ya bi shi.

Inda mutanenmu suka fi rikicewa shi ne agogo. Saudiyya na gabanmu da awa 2. Ka tashi ƙarfe 10 na dare, ka yi awa 5, agogon can zai nuna 5 na asuba, ba 3 ba.

Wanda jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, ya sa haraminsa a jakar hannu. A sama ake ƙetare miƙati.