Otal ɗin da teku ke kai wa ziyara sau biyu a rana

Hoto guda ne ya ja ni zuwa wannan otal. A cikinsa akwai matakala ta katako mai hawa biyar wadda ta sauko daga barandar ɗaki ta nutse kai tsaye cikin ruwa garai-garai, ga wani kwalekwale yana lilo can gaba kaɗan. Na nuna wa maiɗakina, ta ce in dai haka wurin yake, to a biya. Muka kama ɗaki na kwana shida, muka sauka da hantsi a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume da ke Unguja, babban tsibirin Zanzibar, cikin watan Yuli, sannan mota ta ratsa da mu daga yammacin tsibirin zuwa gabashinsa ta gefen dajin Jozani, tafiyar da ta ɗan haura awa guda. Ba zan ambaci sunan otal ɗin ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma ƙorafi. Ya isa a ce yana gaɓar kudu maso gabas, a kan dogon rairayin nan da ya taso daga Bwejuu ya bi ta Paje har ya dangana da Jambiani.

Matakalar tana nan kamar yadda aka ɗauke ta a hoto, hawa biyar cif, sai dai a kan busasshen yashi ta ƙare. Kwalekwalen ma yana nan, a kishingiɗe a kan cikinsa kamar jakin da ya gaji. Tekun kuwa ya zama wani farin zare can a ƙarshen gani, inda igiyar ruwa ke fashewa a kan duwatsun murjani, nisan da na ƙiyasta bai gaza kilomita guda ba. Maiɗakina ta tsaya a baranda ta dafa ƙarfen da ya kewaye ta, ta daɗe tana hange, sannan ta juyo ta ce, "Maigida, ina tekun da ka biya wa kuɗi?" Saurayin da ya ɗauko mana jaka ya fahimci abin da ake nufi ko da bai ji yaren ba, domin da alama kullum sai ya ga irin wannan kallon a fuskar sababbin baƙi. Ya yi murmushi, ya ɗaga yatsu biyar, ya ce mu jira ƙarfe 5 na yamma.

Bai yi ƙarya ba. Tun bayan azahar ruwan ya fara dawowa, ba da hayaniya ba, yana malalowa a hankali yana cike ramuka ɗaya bayan ɗaya, har kwalekwalen ya miƙe ya fara lilo, kuma kafin biyar ta cika hawa uku na matakalar sun shige ƙarƙashin ruwa. Abin da ban sani ba kafin zuwana shi ne, a wannan gaɓa tekun yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a kowane yini da dare, tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25, don haka lokacin yakan ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Jan wata ne ke haddasa wannan, da taimakon jan rana, shi ya sa abin ya fi tsanani a lokacin tsayuwar wata da kuma lokacin da ya cika, inda bambancin tsayin ruwan kan wuce mita 3. Da yake ƙasan tekun a nan shimfiɗaɗɗe ne tun daga gaɓa har zuwa katangar murjani, saukar mita 3 ta isa ta kwashe ruwan kakaf daga fili mai faɗin gaske. Mu kuwa, cikin rashin sani, a ranar da farin wata ya cika muka iso.

Babban ƙorafina ga otal ɗin ke nan, kuma shi ne kaɗai wanda na ɗauka da nauyi. Ba su ne suka halicci tekun haka ba, amma su ne suka zaɓi hotunan da suka baza, kuma babu ko guda a ciki da aka ɗauka lokacin janyewar ruwa. Da sun rubuta layi biyu suna bayani, da wanda ba ya son komai sai iyo ya nufi arewacin tsibirin, wajen Nungwi ko Kendwa, inda ƙasan tekun ya fi saurin zurfi kuma ruwan ba ya yin nisa haka. Abin haushin ma shi ne suna da amsar a hannunsu: kusa da teburin karɓar baƙi akwai wani ɗan allo baƙi wanda ake rubuta lokutan cika da janyewa da alli kowace safiya. A duk otal ɗin babu abin da ya kai wannan allon amfani, amma an jingine shi a bayan wata babbar tukunyar fure, sai mai tambaya ke ganinsa.

Game da kyau kuwa, ba ni da bakin kushewa. Wanda ya zana ginin ya san aikinsa. Bangayen na dutsen murjani ne da aka shafe da farar ƙasa, masu kauri, gefunansu a lanƙwashe ba kaifi, ta yadda hasken safiya kan zame a jikinsu maimakon ya kashe ido. Jinkar ta ganyen kwakwa ce da aka saƙa, wadda mutanen wurin ke kira makuti, an ɗaga ta sama sosai a kan manyan azarori, har iska mai zafi takan tashi ta bar ƙasa da sanyi. Ƙofar babban zauren ta katako ce mai sassaƙa da ƙusoshin tagulla, irin ƙofofin da tsohon birnin Zanzibar ya yi suna a kansu, birnin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka tsara hanyar shiga. Daga ƙofa baƙo ba ya hango teku ko kaɗan. Sai ya bi wani siririn lungu mai inuwa tsakanin bangaye biyu, ya yi kwana guda, sannan komai ya buɗe masa lokaci ɗaya: wurin ninƙaya wanda bakinsa ya saje da sararin sama, jerin bishiyoyin kwakwa, da farin rairayi. Sau shida ko fiye nakan bi wannan lungun a rana, kuma har muka tafi ban daina rage tafiya a wannan kwanar ba. Launi uku kawai aka yi amfani da su a ko'ina, fari da ruwan ƙasa da shuɗi, babu tarkacen ado, babu hoton kifi a bango.

To amma ɗaki ba kallo kawai ake yi ba, zama ake yi a cikinsa, kuma a nan ne gayun ya fara cin mutum. Banɗakin ba shi da ƙofa, sai rabin bango da wani labule na zare, tsarin da wataƙila ya yi kyau a mujalla amma bai yi wa masu kunya adalci ba. Daɓen siminti ne mai sheƙi, wanda da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya koma santsi, har na koyi takawa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Fitilun an ɓoye su a cikin kwanduna saƙaƙƙu, suna zuba wani lallausan haske mai ramuka-ramuka a bango, amma ba za a iya karanta layi guda da su ba, sai da na roƙi a kawo mini fitilar tebur. Wurin cajin waya guda ne tak, shi ma a bayan gado, kuma kaurin bangon da na yaba ɗazu shi ne ya hana intanet shigowa, sai an fita baranda. Na'urar sanyaya ɗaki tana nan, amma ƙarƙashin jinka mai wannan tsayi aikin banza take yi. Fanka da iskar teku ne suka raya mu. Gadon dai babu abin cewa: faffaɗa ne, katifar ba ta lotsa ba, kuma gidan sauron ya kewaye shi har da teburan gefe, ta yadda mutum zai ɗauki ruwan sha ba tare da ya buɗe wa sauro hanya ba. Kowace magariba wata ma'aikaciya takan zo ta sauke shi ta soke gefunansa, ba ta taɓa mantawa ba.

A rana ta biyu makullin ƙofarmu ya ƙi juyawa. Aka turo wani dattijo mai gyara, ɗauke da ƙaramin akwatin kayan aiki da kwalbar mai, ya durƙusa ya kwance makullin, ya nuna mini cikinsa a tafin hannunsa: ja wur da tsatsa, alhali daga waje yana ƙyalli. Ya nuna teku da haɓa, ya girgiza kai. Daga ranar na fara lura da yaƙin da ake yi a ɓoye don wurin ya ci gaba da kama da hotonsa. Iskar bakin teku tana ɗauke da gishiri, gishirin kuma ba ya barin ƙarfe, ba ya barin fenti, ba ya barin katako. Tun kafin fitowar rana akwai mai goge gilasai, akwai mai shafa wa kujeru mai, akwai samari huɗu da manjagara suna tattara ciyawar tekun da ruwan dare ya watso suna binne ta a rami, akwai kuma mai bin bishiyoyin kwakwa yana sauke waɗanda suka ƙosa kafin su faɗo a kan baƙo. Ruwan famfo ma yana da ɗan zartsi, sabulu ba ya kumfa sosai, gashi yakan yi tauri, shi ya sa ake ajiye ruwan sha daban a tulun gilashi. Ban riƙe wannan a matsayin laifi ba, domin ruwan daɗi abu ne mai wuya a irin wannan gaɓa mai ƙasar murjani.

Janyewar ruwan da ta ba ni haushi ranar farko ita ce ta zamo abin da na fi tunawa. A rana ta uku muka sa takalman roba da otal ɗin ke bayarwa aro, muka bi wani ma'aikaci zuwa cikin filin da teku ya bari. Takalman wajibi ne, saboda akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke laɓewa a ramukan duwatsu, kuma ƙayarta takan karye a cikin ƙafa. Yashin fari ne tas, mai laushi kamar gari, kuma da yake daga murjani da ɓawon halittun ruwa ya samo asali, ba ya ƙona tafin ƙafa ko da tsakar rana. Can ciki muka tarar da mata a zaune cikin ruwa iya idon sawu, tsakanin layukan turaku da igiyoyi, suna ɗaura ƙananan rassan ciyawar teku. Gonaki ne, kuma noman ya kankama a wannan yanki tun 1989 da irin da aka kawo daga Filifin. Ana busar da ciyawar a sayar, a fitar da wani sinadari mai kauri daga cikinta da ake sanyawa a kayan masarufi iri-iri. Aikinsu ya dogara ne da wannan janyewar da ni nake ƙorafi a kanta. Ma'aikacin bai bar mu mun shagala ba, yana yi yana duba agogo, domin ruwan idan ya juyo yakan fara cike kwaruruka na bayan mutum kafin mutum ya ankara.

Watan Yuli lokacin iskar kudu ce da ake kira kusi, wadda ke kaɗawa daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma ita ce ke tara masu wasan zamiya da lema a Paje. Ta kore zafi da sauro, amma da la'asar takan yi ƙarfin da zama a bakin wurin ninƙaya sai da tawul a kafaɗa. Mai son kallon faɗuwar rana a kan ruwa ya sani cewa gaɓar nan gabas take fuskanta. Fitowar rana ake samu, wajen ƙarfe 6:30, kuma ta cancanci a tashi dominta. Abincin mai kyau ne amma yana jinkirin fitowa. Dare biyu an kunna kiɗa a gefen rairayi har bayan sha ɗaya, jinkar ganye kuwa ba ta tare sauti, don haka mai saurin farkawa ya nemi ɗakin da ke nesa da wurin.

Da wani zai tambaye ni ko zan koma, zan ce e, amma da sharaɗi biyu: zan duba kwanan wata kafin in sayi tikiti, kuma zan nemi ɗaki mai ƙofar banɗaki, domin daga baya na gano akwai su a jerin baya, waɗanda ba a sanya hotonsu ba. Ga mai ƙananan yara, santsin daɓen da wurin ninƙaya marar shinge abin dubawa ne. Ga tsoho mai ciwon gwiwa, hanyoyin yashi ne zalla, babu inda aka shimfiɗa dutse.

Ranar tafiyarmu allon ya nuna cikar ruwa ƙarfe 9 da 'yan mintoci na safe, daidai lokacin da direba ya iso. Wata ya ragu, don haka ruwan bai kai inda ya kai ranar farko ba, hawa guda kawai ya rufe. Maiɗakina ta cire takalmi ta sauka ta tsaya a kan wannan hawan, ruwa yana shafar idon sawunta, ta ce in ɗauke ta hoto, amma in tabbatar an ajiye shi kusa da wanda ta ɗauka ranar isowarmu, mai kwalekwale a kwance. Direba ya danna hon sau biyu kafin ta hawo.