Kwamfuta ɗaya ce, tambayar kowa daban

Sana'ata ita ce haɗa wa ƙananan ma'aikatu da 'yan kasuwa tsarin ajiye bayanai, a Kano da kewaye. Duk mai kirana magana ɗaya yake yi: "Malam, so muke mu koma kwamfuta." Sai na zauna da shi nake gane abin da yake nufi, kuma ban taɓa samun mutum biyu masu nufi ɗaya ba.

Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau na tambaya: "Alhaji, idan gari ya waye me kake so ka fara sani?" Ya ce abu biyu ne, nawa buhu ya kwana, sannan wa yake bi bashi. Farashin riɗi da zoɓo yana bin dala, tunda waje ake fitar da su, masu saye daga Maraɗi kuwa da canjin sefa suke lissafi. Labarin farashin safe kafin la'asar ya tsufa. Duk wannan yana zuwar masa ta saƙon murya a WhatsApp, daga yaransa da ke kasuwannin ƙauye, kuma babu manhajar da zan rubuta da za ta riga su. Na bar masa wannan yadda yake. Littafin bashi kaɗai na taɓa: jadawalin Excel a wayar ɗansa, suna, buhu nawa, an biya nawa, saura nawa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da ciniki ya koma tiransifa da POS, muka ƙara gurbi ɗaya don a san kuɗin wa ya shigo. Alhaji bai daina rubutawa a littafinsa da ajami ba, ni ma ban nemi ya daina ba.

A wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi abin ya juye. Can gaggawa ba ta kai daidaito muhimmanci ba, kuma yawancin bayanan ba don masu rubuta su ake tara su ba. Akwai rajistar awo, ta rigakafi, ta marasa lafiya na yau da kullum. Ƙarshen wata a tattara su a fom guda, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma, ya shigar a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira wadda Najeriya ke tara alƙaluman lafiya da ita. Daga nan lambobi su haura jiha, su haura Abuja. Shugabar asibitin ta ce mini, "Malam, mu dai aikawa muke yi, ba abin da ke dawo mana."

Abin da take bukata ba adadi ba ne, sunaye ne. Allurar rigakafi ta Penta sau uku ake yi wa jariri, a sati 6 da 10 da 14. Rahoton wata zai nuna cewa masu karɓar ta ukun ba su kai masu ta farko ba, kuma wannan ya ishi mai tsara manufa a sama. Ita kuwa so take ta san wane yaro ne bai dawo ba, a wace unguwa, don ta tura ma'aikaciya gidansu. Shi muka gina: jerin da ke fito da yaran da lokacinsu ya wuce, wanda ke aiki ko babu intanet, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ake caji da solar firijin rigakafi idan rana ta yi.

A nan maganar sirri ta shigo. A Dawanau kowa so yake labarinsa ya yaɗu. A asibiti, sunan mace da sakamakon gwajinta idan suka faɗa zauren WhatsApp na ma'aikata, ana iya kashe aure. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin kariya, amma gaskiya tsoron abin kunya a unguwa ya fi dokar saurin shiga kunne. Kowace ma'aikaciya na ba ta kalmar sirrinta, kuma sai da muka yi ta fama kafin a daina manna ta a jikin allo.

Makaranta mai zaman kanta da na yi wa aiki damuwarta daɗewa ce. Tsohon ɗalibi zai dawo bayan shekara goma sha yana neman takardar shaida, alhali gara ta cinye fayil. Ba wata manhaja mai tsada suke bukata ba, illa ajiya a wuri biyu da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin yin ta kowane zango.

Yanzu kafin na faɗi kuɗin aiki, sai na nemi a ba ni kujera na wuni a wurin. Ina duba takardar da hannu ya fi taɓawa, da wadda ake cikewa don kawai wani na sama ya ce a cike. Ina tambayar wa zai karanta, yaushe, kuma me zai yi idan ya karanta. Sau da yawa mai gida ya riga ya sayi kwamfutoci da firinta kafin ya kira ni, sai mu ƙare da amfani da guda ɗaya, sauran suna cikin kwalayensu a ofishinsa.