Yadda wani baduku ya sa na koyi hoton kusa

Shagona ɗaki ɗaya ne da rumfa a Domayo, cikin Marwa, a arewacin Kamaru. Shekara da shekaru hoton fuska ne ke ciyar da gidana: ƙananan nan na santimita 4 a kan 4 da ake manna wa takardun jarrabawa da na neman aiki, sai na biki, sai na sallah da yara ke zuwa a jere da sababbin kaya. Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, hoton sallah ya mutu murus. Hukuma kuma ta koma ɗaukar hoton katin shaida da na'urarta. Akwai ranakun da zan buɗe shago tun safe har la'asar, ban da mai shayi ba wanda zai leƙo.

A irin wannan zaman ne wani dattijo baduku, abokin marigayi mahaifina, ya shigo da alabe uku a ƙunshe cikin tsumma. Su ma dukawa tasu ta same su. Marwa garin fata ne, kuma a da Turawan da ke zuwa yawon buɗe ido Waza da Rumsiki sai sun biya ta rumfunan masu sana'ar hannu da ke gefen babbar kasuwa kafin su tafi. Tun da aka sace wani iyalin Faransawa a yankin Waza cikin Fabrairun 2013, ƙafa ta ɗauke. Masu saye yanzu suna Yawunde da Duwala da Njamaina, ciniki kuma ta WhatsApp ake yinsa.

Ya ce, "Ɗana, ba alaben nake so ka ɗauka ba. Ɗinkin nake so a gani. Mutumin Duwala ya ce wai aikin inji ne."

Na ce, "Baba, wannan ai abu mai sauƙi ne, ka dawo bayan azahar."

Ashe ba sauƙi. Babbar kyamarata, wadda nake taƙama da ita a wurin biki, gilashin gabanta, mai milimita 18-55, ba ya kama abin da ya fi kusa da santimita 25 ko makamancin haka. In na matsa, sai ya yi ta kai da komowa yana ƙugi, ya ƙi tsayawa. In na ja baya, ɗinkin ya zama ɗan layi kamar zanen biro. Baba ya dawo bayan azahar, na ba shi haƙuri. Ya dawo washegari, na sake ba shi haƙuri.

Ɗan yayata da ke taya ni zaman shago ne ya fitar da ni kunya. Akwai wata ƙaramar Canon PowerShot ta gwanjo da na jefa cikin durowa, ta aljihu, wadda nake ba shi yana wasa. Ya ce, "Kawu, wannan furen da ke jikin maɓallin, na mene ne?" Shekara nawa ina ganin alamar nan, a zatona ta ɗaukar furanni ce a lambu. Muka danna, muka kusantar da kyamarar har ta kusa taɓa fatar, sai ga zare ya fito ɓaro-ɓaro a allo, kowane rami da basilla ta huda ana ganinsa. Masu sana'ar suna kiran wannan makro. Ni dai hoton kusa nake ce masa, kuma haka na rubuta a allon ƙofa.

Daga baya na fahimci dalilin da ƴar ƙaramar ta kayar da babbar. Farantin da ke kama haske a cikin irin waɗannan kyamarori bai wuce kusan milimita 6 a kan 4 da rabi ba, alhali na manyan ƙwararru 36 ne a kan 24. Ƙaramin faranti gajeren gilashi yake buƙata, gajeren gilashi kuwa yana iya kama abu daga ƴan santimita, wasu ma daga santimita 1, kuma wurin da ke fitowa tas a hoton ya fi zurfi. Masana suna cewa makro na ainihi sai girman abu a kan farantin ya yi daidai da girmansa a zahiri, ɗaya bisa ɗaya. Tawa ba ta kai nan ba. Amma zobe yana cika allo, kuma mai saye a Duwala ba ya tambayar lissafi.

Ganin abu a allo daban, samun hoton da za a biya kuɗi a kansa daban. Hotuna hamsin na farko duk shara ne. Fitilar kyamarar na fara kashewa, domin a wannan kusancin tana ƙone rabin hoton ya yi fari fat, ɗaya rabin kuma inuwar hancin gilashin ta rufe shi. Sai zuƙowa: duk lokacin da na zuƙo, kyamarar sai ta ƙi kamawa, domin kusancin nan da ake faɗa sai in ba a zuƙo ba ko kaɗan yake aiki. Sai rawar hannu. Motsin da ba ka ji ba, numfashi kawai, a hoton kusa ya isa ya mayar da zare hayaƙi. Ba ni da maɗorin kyamara mai ƙafa uku da ke sauka ƙasa sosai, saboda haka na cika tsohuwar safa da masakwa na ɗaure bakin, na ɗora kyamarar a kai, na sa ta ƙirga daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, na janye hannuna. Har yau safar nan tana shago, sau biyu na canza hatsin saboda ƙwari. ISO kuwa, wato ma'aunin yadda farantin ke jin haske, na bar shi a 100, domin ƙaramin faranti in an ɗaga masa sai hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa, kuma tsakuwar tana cinye ƙwayar fata, wadda ita ake son gani.

Abin da ya fi cinye mini lokaci haske ne, kuma har gobe shi nake koyo. Ranar Marwa ba ta wasa, in ka fitar da kaya tsakar rana inuwar zare ɗaya sai ta yi baƙi ƙirin kamar rami. Na gwada ƙarƙashin darbejiyar ƙofar shago, sai jar fatar nan ta karan dafi ta fito da wani kore-kore kamar ta yi ciwo, saboda hasken da ya ratso ganye. Baba ya duba ya ce, "Wannan ba fatata ba ce." Gaskiyarsa. A ƙarshe kwalin sabulu na samu, na yanke gefe biyu da sama, na lulluɓe da farin ƙyalle, na ajiye shi a bakin ƙofa daga ciki, inda hasken safe ke shigowa daga gefe guda. Hasken gefe shi ke tayar da zanen da aka buga a fata, kowane tudu da ƴar inuwarsa. In haske ya zo daga gaba, fatar sai ta kwanta shafal kamar leda. A ɗaya gefen nakan jingina farar takarda ta mayar da ɗan haske cikin inuwar. Kafin in fara, ina nuna wa kyamarar wannan takardar in ce mata ga fari, daga nan launi ya daidaita.

Akwai kuma wata wautar da kyamara ke yi. In ta ga fari da yawa sai ta rage haske, farin ƙyalle ya koma ruwan toka. In ta ga baƙar fata ta cika allo sai ta ƙara, baƙin ya koɗe. Maɓallin nan mai alamar + da − shi ne maganinta: farin shimfiɗa in ƙara ɗaya, baƙin kaya in rage kaɗan.

Azurfa ce ta fi ba ni wahala. Maƙeran fari sun fara kawo zobba da warwaro bayan sun ga hotunan Baba, kuma azurfa madubi ce. Zoben farko da na ɗauka, da na buɗe shi a kwamfuta, sai ga fuskata a lanƙwashe da jar hulata a jikinsa, har da ƙofar shago da wani mai babur da ke wucewa. Yanzu nakan huda farar takarda daidai faɗin gilashin, in leƙa ta ramin, zoben ba ya ganin komai sai fari. Sannan kusanci sosai yana kumbura abu, zobe ya fito da ƙaton ciki da ƴan ƙananan gefuna. Nan ne tabarau na karatu da ake sayarwa a tire a kasuwa ya yi mini rana. Lambar da ke jikinsa lissafi ce: raba 100 da ita, ka sami nisan da zai kama. Mai +3 yana kamawa daga santimita 33, in ka haɗa biyu ya zama +6, wajen santimita 17. Na ciro gilasan, na riƙe a gaban kyamarar, na zuƙo. Na sami sarari tsakanina da kayan, haske ya shiga, siffa ta miƙe. Gefen hoton yakan yi dishi-dishi da ɗan shuɗi, sai in yanke.

Hunturu kuwa abokin gaba ne. Ƙurar da ido bai gani ba, a hoton kusa duwatsu ne a kan baƙar fata, dole a share da burushi mai laushi kafin kowane hoto. Gilashin ƙananan kyamarori yana fita yana komawa, yana jan ƙura ciki. Ta farkon haka ta mutu, hancinta ya maƙale a waje. Ta yanzu a cikin robar abinci mai murfi take kwana.

Kuɗin aikin ba yawa, sefa 500 nake karɓa a kan kaya ɗaya, hoto uku: na gaba ɗaya, na kusa, da wanda na ajiye tsabar sefa 100 a gefe don a gane girma. Amma ba takarda, ba tawada, kuma mai kaya goma yakan zo. Ina roƙonsu su tura hoton a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoton da aka tura kai tsaye, zaren da na yi awa ina nema ya narke a hanya. Rabinsu ba sa ji.

Wahalar da ban yi tsammani ba ta mutane ce. Hoton kusa ba ya rufa wa kowa asiri. Wani mai ɗinkin hula ya kawo aikinsa, da ya ga inda zare ya tsallake gida biyu sai ya ce in goge a kwamfuta. Ƙura ina gogewa, domin ba ta cikin kayan. Amma wannan na ƙi, na ce in hular ta isa Njamaina mai saye zai juya ta a hannunsa, kuma ni za a ce na yi ƙarya. Ya kwashe hulunansa ya tafi wurin wani. Ban ji daɗi ba, mutum ne mai kawo aiki da yawa.

Baba kuwa, ranar da na nuna masa ɗinkinsa ya cika allon kwamfuta, ya daɗe bai ce komai ba. Ya sa yatsa a wani wuri da tazarar ramuka biyu ta ɗan fi sauran, ya ce a nan aka kira sallar la'asar ya ajiye basilla. Na tambaye shi ko in sake ɗauka ta ɗaya gefen.

Ya ce, "A'a, ɗana, tura masa wannan ɗin. Inji ba ya tashi sallah."

Mutumin Duwala ya yi odar alabe ashirin. Goma sha biyu na ɗauka kafin damina ta sauka, sauran takwas Baba ya ce sai fatar ta fito daga hannun majema.