Kwance jak da fanfon tsohuwar tifa: inda ake yin ɓarna

Abu na farko da wannan aiki ke koya wa bakanike shi ne, kashe inji ba ya sauke matsin mai. Muddin bodin tifa na sama, duk nauyinsa a kan man da ke cikin jak, wato silindar da ke ɗaga bodin, yake zaune, wanda kuwa ya sassauta notin tiyo a haka, bodin zai rufto masa. A sauke shi ƙasa tukuna, ko a tokare shi da ƙarfe mai kauri. Sannan a kashe mota, a yi ta kai libar ɗaga bodi gaba da baya har matsin ya fita, a cire kan batir. Ba a laluben yoyo da hannu: matsin kan kai bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), man da ke tsartuwa ta 'yar kafa yana huda fata, sai an dangana da tiyata.

Bayan an tsiyaye tankin man jak, kowane tiyo a toshe bakinsa. Jak kuma a ɗaure shi da sarƙa kafin a zare fil ɗinsa, domin da ya karkata sai ya zazzago.

Wurin da aka fi mantawa shi ne PTO, wanda ke karɓar juyi daga giya ya ba fanfo. Cire shi na barin rami a gefen giyabos, yawanci mai noti 6 ko 8. A zubar da man giya da farko, a rufe ramin da faranti da sabon gasket. Siririn tiyon iskarsa ma a toshe, in ba haka ba iskar birki ta dinga zurarewa.

Sai ƙarafan da ke riƙe da kayan a jikin shasi, kuma nan ne gaggawa ke cin mutane. Tsatsa ta kama noti, sai a kira mai walda ya sa wuta. Zafin yana kashe ƙarfin shasi, musamman leɓensa na sama da na ƙasa, daga baya ya tsage daidai wurin. Ga wayoyi da bututun mai da na birki duk ta cikin shasin suka bi. Gara a jiƙa notin da man kwance tsatsa ya kwana. Ribit kuwa a goge kansa da garanda, a doke shi waje.

Wasu notunan aiki biyu suke yi: suna riƙe da ƙarfen jak, suna kuma riƙe da ƙarfen da ya gitta shasi. Irin waɗannan ramuka ba a barinsu fayau, a mayar musu da sababbi masu lambar ƙarfi 10.9.