Laraba a Nant, ni da kwalabe uku

Tun ƙarfe takwas ina ɗakin gwaji a Nant, wani birni a Faransa, ruwan sama ya ƙi tsagaitawa. Malama ta ajiye mini kwalabe uku na giyar inabi, ba suna a jikinsu sai lamba. Ɗan Damagaram da bai taɓa kai giya baki ba, wai shi zai tantance ta gaskiya! Sa'ata ɗaya, aikin na inji ne, ba a ɗanɗanawa.

Abin da ake nema shi ne ko an zuba sukari a ruwan inabin kafin ya tsima. Giram 17 a kowace lita yana ƙara ƙarfin barasa da kusan kashi 1. A arewacin Faransa doka ta yarda amma da iyaka, a Italiya kuwa an hana. Da zarar yis ya cinye sukarin, harshe ba ya ganewa.

Sai dai tsiro yana barin sawunsa. Akwai wani haidirojin mai nauyi, ditiriyom, kuma yawansa a wani gurbi na ƙwayar barasar ya danganta da inda sukarin ya fito. Na inabi yana kewayen 100 cikin miliyan, na gwozar Turawa (wadda ake yin sukari da ita) wajen 92, na rake wajen 110. Wannan ɗan bambancin injin NMR yake karantawa da ƙaton maganaɗisunsa. A garin nan Gérard Martin da Maryvonne Martin suka ƙirƙiro dabarar a farkon shekarun 1980, Turai ta sa ta cikin doka a 1990.

Rabin yini ya tafi a tace barasar da tururi. Na yi garaje a kwalaba ta farko, dole na sake.

Wajen la'asar ta biyu ta ba da 96. Na ce, "Malama, mun kama ɓarawo!" Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce sai an gwada da inabin yankin na wannan shekarar, don ruwan sama da zafi suna motsa lambar. Wadda ta ba ta tsoro ma ta uku ce, mai kyan lamba: mai wayo yakan haɗa sukarin gwoza da na rake su faɗo tsakiya. Gobe za mu auna kabon 13, wani kabon mai nauyi da ke tona asirin sukarin rake.

Inna ta kira bayan isha'i, ta tambayi aikin da nake yi. Na ce ina auna ruwan inabi. Ta ce Allah ya yi albarka.