Yawon gaɓar Malta da Gozo: a bi rana, a duba iska

Abu na farko da mai niyyar zuwa Malta, ƙasar tsibirai da ke tekun Bahar Rum, zai saya, tun kafin ya kama masauki, shi ne tikitin Hypogeum na Hal Saflieni da ke garin Paola. Kabari ne kuma wurin ibada da aka sassaƙa cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa, hawa uku, wanda magina suka faɗa kansa a 1902. Mutum 10 kawai ake shigarwa a lokaci guda, saboda numfashin jama'a da laima suna cinye jan zanen da ke bango. Tikiti kan ƙare makonni kafin ranar, don haka a nema ta intanet a shafin Heritage Malta, hukumar kula da kayan tarihin ƙasar, sannan a tsara sauran kwanakin a kansa. Ba a shiga da yaron da bai kai shekara 6 ba, ba a kuma ɗaukar hoto.

Kudancin tsibirin na safiya ne. Kwale-kwalen da ke kai mutane kogon Blue Grotto suna tashi daga Wied iz-Zurrieq, kuma shuɗin ruwan da ake ta yabo yana fitowa ne sa'ad da rana ke haskowa daga gabas. Wanda ya je bayan azahar kogo kawai zai gani. In teku ya yi tashi kuwa, masu jirgin ba sa fita ko kaɗan, kuma gaskiyarsu ce. A duba hasashen iska tun daren jiya.

Daga nan ba nisa sai tsofaffin wuraren ibada na dutse, Hagar Qim da Mnajdra, kusa da ƙauyen Qrendi. Gine-ginen nan sun haura shekara 5,000, sun girmi dalar Masar. An gina Hagar Qim da farin dutse mai laushi wanda gishirin teku da ruwan sama ke ci, shi ya sa aka kafa wa wuraren biyu manyan rumfuna a 2009. Wasu na cewa rumfar ta ɓata kyan wurin. A ganina gara rumfa da dutsen da ke rugurgujewa. A tsaya a dubi babban dutsen bangon waje, nauyinsa ya kusa tan 20, a kuma tuna babu ƙarfe a hannun waɗanda suka ɗaga shi. Mnajdra na can gangare, kimanin mita 500 daga Hagar Qim. Hanyar gangara ce ba inuwa, dawowa kuma hawa ne, wanda a zafin Yuli da Agusta yake galabaitar da tsofaffi da yara. A riƙe ruwa da malafa. Wahalar ta biya, domin ɗakin kudu na Mnajdra an daidaita ƙofarsa da fitowar rana: wajen 20 ga Maris da 22 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidai, haske na ratsa ƙofar ya miƙe har ƙuryar ɗakin.

Marsaxlokk ƙauyen masunta ne mai jiragen luzzu masu launi da idanu a goshi. Kasuwar kifinsa ranar Lahadi take ci, kuma kafin ƙarfe goma kifin kirki ya tafi, sai 'yan kallo suka rage.

Gozo kuwa, tsibiri na biyu na ƙasar, yini guda cur take so. Jirgin ruwa daga Cirkewwa zuwa Mgarr minti 25 ne, kuma ba a biya sai a dawowa, abin da ke rikita baƙi su yi ta neman wurin sayen tikiti. A fara da Ggantija, tsohon wurin ibada a Xaghra, wadda aka soma ginawa wajen 3600 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan a bar gaɓar Dwejra sai yamma don faɗuwar rana. Tsofaffin hotuna suna nuna wata babbar tagar dutse a can, Azure Window. Ta rushe cikin guguwa ranar 8 ga Maris 2017.

Mai hayar mota ya sani a hannun hagu ake tuƙi, kuma lungunan ƙauyuka matsattsu ne, ƙaramar mota ta fi. Bas ya fi araha, sai dai yawancin hanyoyinsa ta Valletta, babban birnin ƙasar, suke bi, har tafiyar kilomita 10 ta cinye awa guda.