Ƙasan Jar mota

Asabar. Sanyi ya sassauta yau, digiri 2 sama da sifili, bayan kwana tara muna fama da 18 zuwa 20 a ƙasansa. Da na ɗaga labule bayan asuba na ga ƙanƙarar da ke rataye a bakin rufin maƙwabta tana ɗiga, sai na ji wani daɗi ya ratsa ni. Ƙaramar ta ce ita yau ba za ta sa hular sanyi ba, sai da muka ɗan ja kafin ta yarda. Na dama kunun gyaɗa, na soya ƙosai da ragowar ƙullun jiya. Baban yara ya dawo daga aikin dare, ya sha kofi ɗaya ya kwanta.

Abu biyu na fita yi: in wanke Jar mota, in kuma biya gareji a duba mini birki, don tun Laraba in na taka sai in ji ƙafata ta nutse fiye da yadda na saba. Kun dai san Jar mota. Shekara shida ke nan tana kai ni gidajen tsofaffin da nake kula da su, daga unguwar Kanata zuwa ta Orléans a nan birnin Ottawa na Kanada, ba ta taɓa tsaya mini a hanya ba. Kun kuma san alkawarin da na yi: da zarar sanyin bana ya wuce za ta shiga kwantena a Montreal, ta sauka Legas, Auta ya je ya taho da ita Kano, Baba ya huta da hawa adaidaita duk ranar asibiti.

Wurin wanki kamar duk mutanen Ottawa sun haɗa baki. Minti arba'in na yi a layi. Kowace mota fari fat da gishirin da ake zubawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, baƙa da shuɗiya duk sun zama kala ɗaya. Ba wanda ke wanki a tsananin sanyi, don ruwan zai daskare a ƙofa da makulli ka rasa yadda za ka shiga, shi ya sa da an samu rana irin ta yau kowa ke fitowa. Na biya har da na wanke ƙasa. Ta fito tana sheƙi, na ɗauke ta hoto zan tura wa Auta.

Ban tura ba. Har yanzu hoton yana cikin wayata.

Bakanikenmu, ɗan Labanon ɗin nan, ya ɗaga ta sama, ya shige ƙarƙashinta da tocila. Ya daɗe. Can ya leƙo ya ce, "'Yar'uwa, zo ki gani da idonki." Wallahi shekara shida ina tuƙa motar nan ban taɓa ganin cikinta ta ƙasa ba. Ƙarfen duk ya yi ja, ya kumbura, yana ɓamɓarewa falle-falle kamar ɓawon itace. Ya sa sukundireba a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, bai ko danna da ƙarfi ba, ta shige ciki. Ya haska mini siririn bututun da ke kai mai zuwa birkin baya, ya shafa da yatsa, ya nuna mini yatsan a jiƙe. Ya ce nan ne man ke tsattsafowa, kuma in ya fashe gaba ɗaya, lokacin da aka taka da ƙarfi yake fashewa, wato daidai lokacin da ake matuƙar bukatarsa. Jiya da yamma da yara biyu a baya na hau babbar hanyar 417. Sai da na dafa bango.

Ya tambaye ni ko ina kai ta feshin mai. Na ce na kai shekara biyun farko. Ana huda 'yan ƙananan ramuka a ƙofofi da gefen ƙasa, a fesa wani mai da ke malalawa cikin kowane lungu ya kori ruwa, motar ta kwana biyu tana ɗiga, kuma dole a maimaita duk shekara kafin sanyi. Dala 150 ne ko kusa da haka. Shekarar da aka haifi ƙaramar kuɗi ya yi wuya, na ce sai baɗi. Baɗin ta zo, na duba jikin motar lafiya ƙalau, na sake cewa sai baɗi.

Sai ya tambayi inda take kwana. Na ce a garejin ƙarƙashin gininmu, mai ɗumi. Na faɗa ne ina tsammanin zai ce madalla, don kowane wata sai na cire kuɗin wurin nan daga albashina saboda tausayin motar. Ya girgiza kai. Ya ce a waje cikin tsananin sanyi, dusar ƙanƙarar da ta manne a ƙasan mota daskarewa take yi, tsatsa kuma ba ta cika gudu ba. Amma in aka shigo da ita ɗumi kowane dare, sai dusar ta narke ta zama ruwan gishiri, ya kwana yana jiƙa ƙarfe, da safe a fita a kwaso sabo. Ya ce fararen layukan nan da nake gani a kan kwalta kafin dusa ta sauka, ruwan gishiri ne ake fesawa, kuma ya fi ƙwayar gishiri shiga lungu. Gishirin da aka saba da shi ƙarfinsa na raguwa in sanyi ya wuce digiri 10 ko 12 ƙasa da sifili, shi ya sa ake haɗawa da wani irinsa mai sinadarin kalsiyam ko maginiziyam, shi kuma wannan janyo laima yake yi daga iska, ba ya barin ƙarfe ya bushe.

Abin da ya fi ci mini rai, ban ɗauki kaina mai sakaci da motar nan ba. Duk Nuwamba sai na sa mata tayoyin sanyi, alhali a lardinmu na Ontario ba dole ba ne. Su Anti da ke tsallaken kogi a Gatineau ne dokar lardin Kebek ta tilasta wa daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ruwan wanke gilashi mai jure digiri 40 ƙasa da sifili nake saya. Na sa shimfiɗar roba, ina goge farin tabon gishiri a kafet da ruwan khal. Ba na tashi sai na share dusar rufi da ta fitila, in duba bakin salansa kada ya toshe hayaƙi ya dawo wa yara. Duk abin da ido ke gani na kula da shi.

Daga cikin garejin na kira Kawu, tunda shi ne zai yi mini hanyar kwantenar. Na ce, "Kawu, ina wuni. An samu matsala fa." Na tura masa hotunan. Bai ɗauki minti biyu ba ya kira.

"'Yata, wannan ne ya tayar miki da hankali? Ai ba komai ba ne. A canza bututun birkin, a sami baƙin fenti mai kaurin nan a fesa mata a ƙasa, ta yi baƙi wuluk kamar sabuwa. Shike nan."

Na ce, "Kawu, bakaniken ya ce in aka shafa wannan a kan tsatsa, rufe ta kawai yake yi, laimar tana ciki tana ci gaba da ci."

Ya ce, "Wace laima a Kano? Wata bakwai ba ɗigon ruwa. Can ba dusa, ba gishiri. Da ta sauka ciwonta ya tsaya. Motoci nawa na aika da suka fi wannan lalacewa, ga su can suna yawo."

Na ce, "To ramukan da ke gefen fa?"

"Mai walda zai toshe su da kuɗin da bai kai na wankinki na yau ba. Ki bar kaza cikin gashinta. Kyauta ce fa za ki yi, ba sayarwa ba. Wa ya taɓa leƙa ƙasan kyauta? Alhaji zai ga jar mota tana sheƙi a ƙofar gidansa, ya sa miki albarka. Ko so kike ki ce masa kin fasa?"

Na yi shiru. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, zan yi shawara da baban yara." Ya ce in yi sauri, don yana da kwantenar da saura wurin mota ɗaya.

Tun lokacin maganar take juyawa a kaina. Kawu ba mugun mutum ba ne, shi ya tarbe mu a filin jirgi, a gidansa muka yi watanmu na farko, kuma akwai gaskiya a zancensa: busasshiyar iskar gida tana rage wa tsatsa gudu. Sai dai ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Kuma akwai damina. Na san yadda layinmu ke zama a watan Agusta, ruwa har gwiwa, mota sai ta yi iyo kafin ta kai bakin titi. Na san ramukan hanya, na san kuma yadda za a loda ta ranar biki ko ta'aziyya, mutum bakwai da buhun shinkafa a but. Ƙarfen da sukundireba ta huda shi ne zai ɗauki wannan nauyin.

"Wa ya taɓa leƙa ƙasan kyauta?" Wannan ce ta tsaya mini a wuya. Da sayarwa zan yi, mai saye zai zo da bakanikensa, ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙasa ya haska. Ina yarinya na sha ganin haka in Yaya ya kawo 'yar Kwatano. Bakanike ya fito yana karkaɗe riga ya ce, "Wannan ta sha gishiri," a rage kuɗi ko a fasa. Lokacin ina zaton ruwan teku ake nufi, na cikin jirgi. Sai da na zo nan na gane gishirin titinmu ne yake bin motocin har can. Amma Baba ba zai kira bakanike ba. Zai ce 'yarsa ce ta aiko, ya shiga ya zauna a gaba, ya ce wa Auta bisimilla. Yardar da ya yi da ni ita ce za ta hana a duba.

A hanyar dawowa, ina tafiya a hankali ta ƙananan tituna kamar yadda bakaniken ya gargaɗe ni, gishiri na ta ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya. Ana cewa kusan tan miliyan 5 ake zubawa a titunan Kanada duk shekara. Mai yawa daga Goderich yake fitowa, a nan Ontario, inda ake haƙo shi daga rami mai zurfin sama da mita 500 a ƙarƙashin tafkin Huron. Sai na tuna kantun gishirin Balma da Kaka ke ajiyewa a ɗakinta saboda awaki, wanda raƙuma suka ratso Sahara da shi. In ɗan gutsure ya faɗi sai ta tsince ta hure ta mayar. Ba na ƙin gishirin nan. Ba don shi ba, da ban isa gidan tsohuwar da ke jirana ƙarfe bakwai na safe ta sha maganinta ba. Kawai dai yau na ga kuɗin da yake karɓa.

Magariba kafin ƙarfe biyar. Tuwon semo da miyar kuɓewa busasshiya. Babban ya zubar da ruwa a littafin makarantarsa, ya yi kuka, mun shanya a kan hita.

Baban yara ya saurare ni har na gama. Ya ce a gyara birkin ranar Litinin, wannan ba shawara a cikinsa. Motar ta ci gaba da kai ni aiki iya kwanan da ya rage mata, mu kuma mu fara tara na wata, a nemo daga inda ba a cika ganin dusa ba, irin su jihar Arizona ta Amurka, ko a tura kuɗin Auta ya saya a gida Najeriya da bakanike a gefensa. Na ce wannan shekara guda ce aƙalla. Ya ce ya sani.

Ɗazu da rana Mama ta kira, ina cikin gareji ban ɗauka ba. Saƙon muryarta na saurara yanzu. Bayan gaisuwa da addu'a, ta ce Baba ya sa an sare reshen dalbejiyar ƙofar gida, an kafa rumfar kwano, wai kada rana ta ci fentin motar. Ta ce ya faɗa wa 'yan majalisarsu duka. Tana dariya tana faɗa. Na saurara sau uku. Na danna zan amsa, na ce "Mama, ina wuni," sai muryata ta ƙi fita, na goge.

Na so in fitar da Jar mota daga garejin ƙasa tun yau ta kwana a waje. Sai ga sanarwar hukumar birni: dusa na tafe, an hana ajiye mota a bakin titi daga ƙarfe bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, kamar yadda suke yi duk lokacin da ake hasashen santimita 7 ko fiye. Dole ta sake kwana a ɗumi. Na sauka na shafa wa robar ƙofofinta man silikon kada su manne gobe, na durƙusa na leƙa ƙasanta da fitilar waya. Ruwa na ɗiga a kan siminti, har ya fara barin farin zobe.

Motar zuba gishiri ta wuce ta ƙarƙashin tagarmu yanzu, da shuɗiyar fitilarta. Ƙarfe goma sha ɗaya saura. A Kano biyar na asuba ta kusa, Baba ya tashi alwala. In zan kira shi, bayan ya dawo masallaci ne ya fi, kafin gida ya cika da mutane.